Gaisawa da mawaƙi a ƙaramin wasa

Ɗan'uwa, kana tambaya ko ya dace ka tunkari mawaƙi ku yi hira a ƙananan wasannin da ake yi a unguwar Nima ko Mamobi a birnin Accra. Ya dace ƙwarai, amma ka bari sai ya sauka, ya sha ruwa, numfashinsa ya dawo.

A wani biki a Sabon Zango na ga saurayi ya cusa wa mawaƙi waya a fuska, gumi na zuba, yana neman hoto. Mawaƙin ya haɗe rai. Ni na jira har masu kalangu suka tattara kaya, na ce masa sannu da aiki, na ambaci baitin da ya ratsa ni. Wallahi da kansa ya jawo min kujera, muka daɗe muna hira.