Zan iya kai mahaifiyata asibitin mishan?

Tambaya: Malam, likita ya tura mahaifiyata asibitin mishan na garin Agogo, a yankin Ashanti na Ghana, saboda yanar ido. Mu Musulmi ne, za su kula da ita kuwa? Daga wata 'yar'uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kai Hajiya hankali kwance. 'Yan mishan na Basel ne suka kafa asibitin a 1931, yanzu yana hannun cocin Presbyterian, kuma sashen idonsu ya yi suna. Can na yi jinyar kawuna. Da sassafe ma'aikata kan yi addu'a da waƙoƙinsu kafin su kama aiki, ba wanda ya matsa mana mu shiga. Wata nas ma da kanta ta nuna mini inda zan shimfiɗa darduma. Ki riƙe katin inshorar lafiyar Hajiya, ki yi sammako, don layi kan yi tsawo.