Ƙanwata, kafin ki biya dillalin hanyar Burazil, ki dubi halin matan Benezuwela

Ƙanwata, kin rubuto cewa wani dillali ya yi miki alkawarin bizar Burazil, daga can a bi da ke ta ƙasa har iyakar Amurka, kuma sauran kuɗin sai kin isa kin fara aiki za ki biya. Kina tambaya ko mace za ta iya bin hanyar lafiya. Amsar tana wurin matan Benezuwela, domin 'yan ƙasarsu ne suka fi kowa bin ta.

Fiye da mutum miliyan 7 suka bar Benezuwela bayan tattalin arzikinta ya durƙushe, kusan miliyan 3 daga cikinsu suna Kolombiya. Wahalar matan takan fara tun daga bakin iyaka. Wadda ba ta da takardu ba ta bin gadar Simón Bolívar zuwa garin Cúcuta na Kolombiya, sai ɓarauniyar hanya ta kogin Táchira, wadda suke kira trocha. 'Yan bindiga ke riƙe da hanyoyin nan, kuma macen da ta kasa biyan kuɗin wucewa, sau da yawa da jikinta ake karɓa.

Sai dajin Darién, tsakanin Kolombiya da Panama, wanda ke ma ta cikinsa za a bi da ke. Ana shiga kwale-kwale daga Necoclí ko Turbo zuwa Acandí ko Capurganá, duk a gaɓar tekun Kolombiya, a biya mutanen Clan del Golfo, ƙungiyar 'yan bindiga masu safarar miyagun ƙwayoyi, su ɗaura wa mutum alama a hannu cewa ya biya. Daga nan tafiyar ƙafa ce ta kwanaki cikin laka da tsaunuka da koguna masu cika farat ɗaya, har a fito ƙauyen Bajo Chiquito. A 2023 mutum sama da 520,000 suka tsallaka, fiye da 320,000 'yan Benezuwela ne. Alamar hannun nan ba ta da amfani da zarar an shiga ɓangaren Panama, kuma a can ne aka fi tare ayari. Sukan ware mata gefe, su tuɓe su, su lalube har cikin al'aura don neman kuɗin da aka ɓoye, sannan su yi musu fyaɗe, wani lokaci a gaban mazansu da 'ya'yansu. Don haka kada ki ɗauka tafiya da ɗan'uwa namiji kariya ce. Bindiga ake ɗora masa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar mutum 676 da aka yi wa irin wannan cin zarafi a dajin a 2023 kaɗai, kuma waɗannan su ne suka iya buɗe baki.

Abin da ya fi damuna a maganar dillalinki shi ne bashin. Haka ake kama matan Benezuwela da yawa a Kolombiya da Peru: a yi wa mace tayin aikin gidan abinci ko shagon gyaran gashi ta WhatsApp ko Facebook, a biya mata kuɗin mota, tana isa a karɓe takardunta, a ce ana bin ta kuɗin tafiya da ɗaki da abinci, kullum bashin yana ƙaruwa, hanyar biya ɗaya ce tal aka bar mata. Kin san salon, shi ne na hanyar Agadas zuwa Libiya. Rahoton da Amnesty ta fitar a 2022 kan Kolombiya da Peru ya nuna yawancin matan Benezuwela da aka ci zarafinsu ba sa kai ƙara, saboda tsoron a tambaye su takardar zama a kore su, ko kuma ɗan sanda ya raina su don su baƙi ne.

To ki auna. Su Sifaniyanci harshensu ne, suna da dangi a hanya, Kolombiya ta buɗe musu takardar zama ta shekara 10 a 2021, Burazil kuma tana da shirin tarbarsu a jihar Roraima tun 2018. Duk an yi wannan ne dominsu, ba ya haɗa da 'yar Najeriya ko Nijar. Ke ba ki da yare, fatarki da hijabinki za su nuna ke baƙuwa ce tun daga nesa. Ƙofar ma da ake wahalar domin ta an rufe: Amurka ta soke bai wa masu neman mafaka ranar ganawa da jami'an iyakarta ta manhajar waya mai suna CBP One a 20 ga Janairu 2025, har a wasu watannin shekarar waɗanda suka tsallaka dajin ba su kai 100 ba. Ayari ya ragu, masu agaji a bakin dajin ma sun ragu.

Idan akwai wata 'yar'uwa da ta riga ta kama hanya, ki isar mata da wannan. Bayan fyaɗe, maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa tana aiki har awa 120, amma da wuri ta fi ƙarfi. Ta nemi allurar ciwon hanta nau'in B da ta tetanus idan akwai rauni. Tafiyar dajin takan cinye awa 72 ɗin nan, shi ya sa tana fitowa wurin likita za ta fara zuwa, ba layin mota ba. Lambobin kiran agajin mata kyauta ne: 155 a Kolombiya, 100 a Peru, 180 a Burazil. Fasfo kuwa kada ya bar jikinta, ta aika hotonsa da na bizarta ga mutum biyu a gida.

Tunda kin ce karatu ne burinki, ki je ofishin jakadancin Burazil a Abuja ki tambayi shirin PEC-G. Yana bai wa ɗaliban ƙasashen da ke cikinsa, har da Najeriya, gurbin digirin farko ba tare da kuɗin makaranta ba. Za a nemi sakamakon sakandare, da takardar wanda zai ɗauki nauyin ci da shanki, da cin jarrabawar harshen Fotugal mai suna Celpe-Bras. Ta hannun ofishin jakadancin ake nema, babu dillali a tsakani.