Hukuncin cin abinci a gidajen abincin Amurka da ake soya ƙwai da naman alade a ƙarfe ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tirela ne a Amurka, ina ɗaukar kaya daga Niw Jasi zuwa jihohin tsakiyar ƙasar, nakan yi kwana uku ko huɗu a hanya. Da tsakar dare babu inda nake samu a buɗe sai irin gidajen abincin nan da suke kira dayina, waɗanda ake sayar da karin kumallo a kowane lokaci. Ba na cin alade. Nakan ce a soya min ƙwai da dankali da fankensu. Wani abokina ya ce haram nake ci, wani kuma ya ce ai abincin Ahlul Kitabi ne, in yi bisimilla in ci har da naman sa. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya tsare hanya, ya yi wa nema albarka. Kowanne daga cikin abokan naka ya riƙe wani ɓangare na gaskiya ya saki wani.

Shiga gidan da cin abincinsu halal ne a asali. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 5, abincin waɗanda aka bai wa Littafi halal ne a gare mu, kuma Annabi (SAW) ya ci naman akuyar da wata Bayahudiya ta kawo masa a Khaibar. Waɗannan gidaje ma don irinku aka fara su: a 1872 wani mai suna Walter Scott ya fara sayar wa ma'aikatan dare abinci a keken doki a garin Providence na Amurka, daga nan sana'ar ta bunƙasa. Saboda haka kada ka ji wani nauyi don ka zauna ka sha kofi a cikinsu.

Amma ayar ba ta halatta alade ba, ko wane ne ya dafa shi. Aya ta 3 a wannan sura ta haramta shi, kuma malamai sun haɗu a kan cewa kitsensa da namansa hukuncinsu ɗaya. A nan matsalarka take, wato a kan ƙarfen suya.

Na taɓa zama a irin wannan gida lokacin da na kai wata ziyara ƙasar, a kan dogon teburin da ke fuskantar mai suya. Faffaɗan ƙarfe ne guda ɗaya mai zafi, ya fi tabarmar salla tsawo. A gefe ɗaya an jera siraran yankan naman alade suna tsatsar da mai, man yana gangarowa tsakiya. Mai suyar ya juya su da cokalinsa, da wannan cokalin ya fasa ƙwai biyu a kusa da su ya juya, da shi ya danne gurzajjen dankali. Ba da mugun nufi ya yi ba, haka aikinsu yake, wasu masu sayen ma ɗanɗanon nan suke nema. Ƙwan da ya fito daga wurin ba sunansa ƙwai kawai ba, ya sha kitsen alade.

An yi wa Annabi (SAW) irin tambayarka. Abu Sa'alaba al-Khushani ya ce masa suna zaune a ƙasar Ahlul Kitabi, shin za su ci a ƙwaryoyinsu? Ya ce idan sun sami wasu kada su ci a cikinsu, idan ba su samu ba su wanke su ci. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito, kuma ruwayar Abu Dawud ta bayyana dalilin: suna dafa alade a tukwanensu, suna shan giya a kofunansu. Ka ga ba a hana abincin don mai shi ba, an hana shi don abin da ya taɓa. Malamanmu na Malikiyya sun bi wannan har ƙasa. A Mukhtasar, Shehu Khalil ya lissafa abubuwan da ba sa tsarkaka idan najasa ta ratsa su, ya ambaci man da aka cakuɗa da ita, da naman da aka dafa da ita, da ƙwan da aka dafa a cikinta. To ƙwan da aka soya a kitsen alade ya fi cancantar wannan hukunci. Bisimilla ba ta gyara shi. Hadisin Nana A'isha da abokinka yake nufi, inda Annabi ya ce ku ambaci sunan Allah ku ci, yana magana ne a kan naman da ba a sani ba ko an ambaci sunan Allah wajen yanka shi, bai shafi abin da ka gani da idonka ba.

Mafita tana da sauƙi, hadisin ma ya faɗe ta. Ka gaya wa mai kawo abincin cewa ba ka cin alade saboda addini, a soya maka ƙwanka a kasko dabam mai tsabta, da man shanu ko man girki, da cokali dabam. Sun saba da irin wannan roƙo daga masu lalurar abinci, kuma da tsakar dare babu cunkoso. Idan sun ce an yi, ka karɓi maganarsu, ba a ɗora maka shiga madafa bincike ba. Idan kuwa kankare ƙarfen kawai za su yi su goge, akwai sauƙi a mazhabar Malikiyya: idan ainihin najasa ta gushe ko da ba da ruwa ba, abin da ya taɓa wurin ba ya najasta. Sai dai sharaɗin shi ne maiƙon ya gushe sarai, kankara ɗaya ta gaggawa kuwa ba kasafai take kawar da shi ba. Don haka na fi natsuwa da kasko dabam. Idan sun ƙi, akwai abin da ba ya hawa ƙarfen: kunun alkamarsu, dafaffen ƙwai a ɓawonsa, gasasshen burodi, 'ya'yan itatuwa, madara, kofi. Zai kai ka safiya. Wannan ba lalurar da ke halatta haram ba ce, tunda ba halaka kake tsoro ba.

Ka kuma kula da inda alade yake ɓuya. Farar miyar da suke zubawa a kan biskit ɗinsu galibi da niƙaƙƙen naman alade ake yin ta. Wake da ganye, musamman a jihohin kudu, sau da yawa da guntun alade ake dafa su, wasu kuma da kitsensa suke kwaɓa fulawar kek ɗinsu. Soyayyen kifi ma wasu da giya suke kwaɓa fulawarsa. Tambaya ɗaya ta wadatar.

Maganar naman sa da kaza kuwa a nan ne saɓani yake na gaske. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya ce babu laifi a abincin Ahlul Kitabi da yankansu, Alƙali Ibnul Arabi ma ya faɗaɗa har ya halatta kazar da Banasare ya murɗe wa wuya idan a addininsa abinci ce, ko da yake da yawa daga malamai ba su bi shi a kan haka ba. Amma ka sani mai gidan abincin ba shi ne mai yanka ba. Naman daga manyan mayanka yake zuwa, kuma dokar ƙasar ta 1958 ta wajabta a sumar da dabba kafin yanka, ban da yankan addini irin na Musulmi da Yahudu. Shanu ana harba musu wani ƙarfe ne a goshi, wanda a mafi yawan lokuta yake huda ƙwaƙwalwa. A wajen Malikiyya, dabbar da aka riga aka huda makasarta, wato wurin da in an huda shi ba za ta rayu ba, yanka ba ya halatta ta, Risala ta faɗi haka a kan wadda aka buge har ta kai matakin da ba za ta rayu ba. Shi ya sa ni abin da na rinjayar shi ne ka bar naman sa a irin waɗannan gidaje. Kaza ta ɗan fi sauƙi, domin a mafi yawan mayanka lantarki ake sa mata sannan wuƙar inji ta yanke wuya, amma ita ma da shubuha, barinta ya fi. Wanda ya bi malaman da suka halatta, ba na ce masa ya ci mushe, kai ma kada ka ce wa abokinka haka, muddin ba a ƙarfen aladen aka gasa masa ba. Naman halal yana samuwa a Niw Jasi da Niyok, ka riƙa yin guzurin soyayye ko dambu kafin ka tashi.

Idan gidan yana sayar da giya, ka zauna a teburin da ba a shan ta, domin an hana zama a teburin da giya ke zagayawa. Kuma kada ka hana mai kawo abincin tukuicinta. Mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanka wa irin waɗannan ma'aikata dala 2.13 ne a awa, da tukuicin suke cikawa, kuma al'adar da kowa ya sani a ciniki tana da ƙarfi a shari'a. Wadda ta ɗauki nauyin nemo maka kasko mai tsabta ta cancanci ka kyautata mata.

Abin da ka ci a baya ba tare da sani ba babu zunubi a kanka, sallolinka kuma ba sai ka rama su ba.

Wallahu a'alam.