Daga neman sirrin ƙosai na ɓulla Brazil

'Yar'uwa, wannan tambaya taki, ko akwai wanda ya taɓa shiga intanet neman abu guda ya ɓige da wani daban har ya zame masa abin so, kamar da ni kike.

Azumin bara ne ƙosaina ya dinga shan mai, kina matsa shi mai na ɗiga. Bayan tarawihi na ɗauki waya na rubuta "akara" a YouTube, tunda Yarbawa sun fi mu saka bidiyon girki. Na uku da na buɗe sai ga wata baƙar mata, ta sha fararen kaya da ɗaurin kallabi, tana buga ƙullu da ƙaton cokalin katako, amma yarenta ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Ashe Fotugis take yi, a birnin Salvador na jihar Bahia, can Brazil. Acarajé suke ce masa. Wakenmu ne dai, a surfe a markaɗa da albasa, sai dai su da manja suke suya, su tsaga shi biyu su cusa jatan lande da yaji.

To me ya kai ƙosai Brazil? Nan fa barci ya ƙaurace min. Bayi ne suka tafi da shi, don mutum sama da miliyan 4 aka kwasa daga Afirka zuwa ƙasar, kuma sai 1888 aka soke bauta a can. Abin da ya sa na tashi zaune shi ne ganin sunan Hausawa. Tun 1807 hukuma ta bankaɗo wani shirin tawaye na bayi Hausawa a Salvador. Sannan a watan Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, bayi Musulmi da waɗanda suka fanshi kansu, yawancinsu Yarbawa da Hausawa a cikinsu, suka fito da tsakar dare sanye da fararen riguna. An murƙushe su kafin gari ya waye sosai. A jikin waɗanda aka kashe an samu layu da takardu masu ayoyin Alƙur'ani, rubutu irin na allonmu. Ina kwance, ni ma cikin azumi, sai da na share hawaye.

Daga nan zaren bai tsinke ba. Na bi waɗanda suka dawo gida: Aguda a Legas, da Tabom da suka sauka Accra, har gidansu na Jamestown na leƙa a hoto. Ni da na tsani darasin tarihi a sakandare, yanzu ba na sati ban karanta wani abu kan Bahia ba.

Abin da na lura, irin wannan tsintuwa ba ta zuwa in ina shafa waya kawai. Abin da Facebook da TikTok ke turo min, jiya-i-yau ne. Sai na shiga da tambaya tawa, ko ta shirme ce, sannan nake ɓata hanya mai daɗi. Data kuwa ba a magana, ta wata guda na cinye a kwana tara.

Ƙosan kuma, ashe ruwa nake cikawa a markaɗe, ga shi ba na bari mai ya yi zafi. Na gwada na manjan sau ɗaya, maigida ya ci biyu ya ce don Allah a koma man gyaɗa.