Tambaya da amsa: Ina son yin mastas a fannin gudanar da aikin gwamnati, MPA zan yi ko MSc?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar jiha nan Kaduna, shekarata tara a aiki, ina lebul 10. Digirina na farko a soshiyoloji ne, na fita da 2.2. Ina son komawa makaranta amma kaina ya ɗaure, wasu su ce in yi MPA wasu su ce MSc, wata ƙawata kuma ta ce yanzu nazarin manufofin gwamnati ake yayi. Wanne ya fi? Kuma in na gama za a yi min ƙarin girma? Sannan gaskiya ina tsoron lissafi, ga yara uku.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi wa yaran albarka. Bari in fara da maganar ƙarin girma, don na san ita ce ta fi damun yawancin masu turo min irin wannan tambaya.

Mastas ba ta ɗaga mutum daga lebul zuwa lebul ita kaɗai. Wanda aka ɗauka sabon aiki da mastas a hannu, shi ne akan fara da shi a lebul 9 maimakon 8. Amma ke da kike ciki, ƙarin girmanki yana tafiya ne da shekarun da kika yi a matakin, da jarabawar firomoshin, da rahoton da shugabanki ya rubuta a kanki, da kuma ko akwai gurbi. Inda takardar ke amfani shi ne can gaba, ranar da za a zauna ana neman wanda za a ba mataimakin darakta, ko ana neman wanda za a tura wani kwamiti ko wani shiri da masu ba da tallafi na waje suke ciki, toh a nan ne ake ɗaga fayil a duba. Ina faɗa miki wannan ne don kar ki kashe kuɗi da shekara biyu ki dawo kina jiran albashi ya canza a watan farko, ranki ya zo ya ɓaci.

Batun MPA da MSc kuma mai sauƙi ne in kin san inda kika nufa. MPA an tsara ta ne don ma'aikata irinki, kwasa-kwasan sun fi yawa, firojet ɗin ƙarshe bai kai na MSc nauyi ba, kuma ana karɓar mutane daga fannoni daban daban. MSc ta masu bincike ce, ita ce hanyar da ta miƙe zuwa PhD da koyarwa a jami'a, kundin bincikenta ma sai an yi difens a gaban malami daga wata jami'ar. Wanda ya yi MPA daga baya ya ce yana son PhD, sau da yawa sai an ce ya koma ya yi MSc ko MPhil tukunna, na ga mutanen da wannan ya ci musu shekaru. Kuma tunda digirinki ba a fannin yake ba, in MSc kike so kar ki yi mamaki in an ce ki fara da PGD, wato difloma ta gaba da digiri, kamar yadda ake ce wa masu HND. 2.2 ɗinki ta isa neman mastas, wannan kar ya dame ki. In ra'ayina kike so, in dai aikinki kike son ingantawa ba aji kike son shiga koyarwa ba, MPA ta ishe ki, amma da sharaɗi ɗaya da zan zo kansa.

Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba abu biyu ba ne masu gaba da juna. Gudanar da aikin gwamnati yana koya miki yadda injin yake tafiya: ma'aikata, kasafin kuɗi, dokar sayen kaya da ba da kwangila, alaƙar jiha da ƙananan hukumomi, wa ke sa hannu kafin wa. Nazarin manufa kuma tambaya yake yi. Wace matsala ake son magancewa? Hanyoyi nawa ake da su? Kowacce nawa za ta ci, wa zai amfana, wa zai cutu, kuma bayan an yi, ta yaya za mu san ya yi aiki ko kuwa kuɗi kawai aka kashe?

Bari in ba ki misali na gida. A farkon 2016 gwamnatin jihar nan ta fara ciyar da 'yan firamare. A lokacin na je wata makaranta da safe, na tsaya bakin taga ina kallo. Aji ya cika maƙil, yara har ƙasa, wasu ƙanana ne sosai da ko shekarun shiga aji ɗaya ba su kai ba, kowa da robarsa a cinya. Mai abinci ta zo da kula biyu a baro, aka raba, aka ci. Da aka koma aji bayan tara sai na ga benci ya fara samun fili. Malamar ajin ta kalle ni ta ce Malam ai rajista ta cika, amma alli ɗaya ne, ni ma ɗaya ce. Toh kin ga, mai gudanarwa zai tambaya an biya masu dafa abinci a kan lokaci? Abincin ya iso? Tambayoyi ne masu kyau. Mai nazarin manufa kuma zai ce yara nawa aka rubuta, nawa ne suka zauna har tashi, nawa ne suka iya karanta jimla ɗaya a ƙarshen zango, kuma in an ƙara yara ɗari a makaranta ba a ƙara malami ko aji ba me zai faru da karatun waɗanda dama suna nan? Ni ina goyon bayan ciyar da yara, yaro mai yunwa ba ya karatu, amma wannan safiyar ce ta sa na daina yarda da adadin rajista shi kaɗai a matsayin shaidar nasara.

Sharaɗin da na ce kenan. Ko wacce kika zaɓa, ki tabbata kin fito kin iya waɗannan tambayoyin, kin iya neman amsarsu da alƙaluma, kuma kin iya rubuta su a shafi biyu da babban sakatare zai karanta kafin ya shiga mitin. Wallahi wannan rubutun na shafi biyu shi ne abin da ya fi ƙaranci a ofisoshinmu. Muna da masu iya rubuta shafi arba'in, amma wanda zai ce ga matsala, ga zaɓi uku, ga kuɗin kowanne, ga wanda nake ba da shawara da dalili, sai an tona.

A aji za ki haɗu da su Max Weber da tsarinsa na aikin ofis, da Woodrow Wilson da rubutunsa na 1887 da ake cewa daga nan fannin ya soma tsayawa da ƙafarsa, ki karanta su ki ci jarabawa. Amma inda nake so ki daɗe shi ne tarihin namu gyare-gyaren. Kwamitin Udoji ya miƙa rahoto a 1974 da shawarwari kan yadda za a riƙa auna aiki da sakamako, amma abin da mutane suka riƙe har yau shi ne ƙarin albashin da ariyas ɗinsa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 shi ya kawo tsari iri ɗaya a duk ƙasa, kuma har 2024 sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Gyaran 1988 na zamanin Babangida ya maida manyan sakatarori daraktoci-janar masu tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa su, daga baya kwamitin Ayida ya sa aka warware. Rahoton Oronsaye kan rage hukumomin tarayya an miƙa shi tun 2012, sai a 2024 gwamnati ta sake sanar da cewa za a aiwatar. In kin jera waɗannan za ki ga ba rashin rahoto mai kyau ne ciwonmu ba, wajen aiwatarwa ne gizo ke saƙa. Kuma ke kin fi ɗan shekara 24 da ya fito daga bautar ƙasa sanin wannan, don kin ga yadda fayil ke kwana a tebur, kin ga yadda ake sa abu a kasafi kuɗin bai fito ba har Disamba. Wani masani ɗan Amurka, Michael Lipsky, ya yi suna ne da nuna cewa malamin aji da nas da ɗan sanda da akawun kanta su ne a zahiri suke yanke yadda manufa za ta kasance a hannun talaka. Ranar da za a koya muku shi za ki ji kamar ofishinku ake ba da labari.

Lissafi kuma, ki kwantar da hankalinki. Ba irin na injiniya ba ne. Kaso cikin ɗari, matsakaici, yadda ake zaɓen mutanen da za a tambaya don kar amsa ta karkata, yadda ake karanta tebur, da ɗan abin da ake kira rigireshan, wato auna yadda wani abu ke da alaƙa da wani. Kin yi soshiyoloji ai, kin taɓa yin istatistiks a aji biyu ko uku, zai dawo. Ki fara da Excel tun yanzu, ki ɗauki kasafin jihar na bana, ana sa shi a intanet, ki ware na ma'aikatarku ki ga nawa ne na albashi nawa ne na ayyuka, sannan ki nemi rahoton abin da aka kashe a zahiri ki gwama. In kin iya wannan SPSS, manhajar da ake nazarin alƙaluma da ita, ba zai ba ki tsoro ba. Abin da nake roƙonki kawai, kar ki ba wani a shagon kwamfuta ya yi miki babi na huɗu na firojet, wato inda ake nazarin alƙaluman. Ana yi, kowa ya sani, amma wanda ya yi haka ya biya kuɗin makaranta ne ya bar abin da ya zo saya a can.

Wajen karatu, mu a nan Allah ya yi mana gata. Harabar ABU ta Kongo a Zariya ita ce uwa a wannan fanni a Arewa, ta fara ne a 1947 a matsayin wurin horar da akawuna, ta zama cibiyar koyon mulki a 1954, sannan ta shiga cikin ABU da aka kafa a 1962. Ma'aikatan En'e da manyan jami'an tsohuwar Jihar Arewa da yawa a nan aka horar da su, kuma har yau akwai sashen gudanar da aikin gwamnati da na nazarin ƙananan hukumomi da ci gaba. Daga Kawo zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, ana iya zuwa a dawo, amma ki sa kuɗin mota da gajiyar hanya a lissafinki don su ne suke fara karya mutum ba karatun ba. A cikin gari jami'ar jiha, KASU, da makarantar sojoji ta NDA duk suna da makarantar gaba da digiri, ki duba tallar ɗaukar ɗalibai ta bana ki ga kwas ɗin da suka buɗe. Akwai kuma NOUN, jami'ar karatu daga gida, mai cibiya a nan Kaduna, ta dace da mai yara, sai dai tana son mutum mai iya tilasta wa kansa karatu ba tare da an tsaya a kansa ba. NIPSS, cibiyar nazarin manufofi ta ƙasa da ke Kuru kusa da Jos, da kike jin waɗanda suka gama ta suna sa mni a bayan suna, wannan ba fom ake saya ba, manyan jami'ai ake zaɓowa a tura. In kuma zuciyarki na son waje, Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Ingila, tana neman wanda ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki, kin wuce nan tuni. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, dai kar ki sa rai, ta ma'aikatan manyan makarantu ce.

Kan firojet, don Allah kar ki ɗauki irin taken nan na tasirin ƙarfafa gwiwar ma'aikata ga ƙwazon aiki, an rubuta shi har ya gaji. Jihar nan cike take da abin bincike. Asusun bai-ɗaya na TSA da aka fara a 2015, me ya canza a yadda ƙaramin ofis ke samun kuɗin gudanarwa? Jarabawar malaman firamare ta 2017 da sama da 21,000 cikin kusan 33,000 ba su kai makin da aka sa ba, aka sallame su aka ɗauki sababbi, me ya faru a aji bayan nan? Ko ki ɗauki ƙaramar hukuma biyu cikin 23 ɗinmu, ɗaya a gari ɗaya a karkara, ki kwatanta abu ɗaya tak, misali yadda magani ke isa asibitin sha-ka-tafi. Ƙaramin abu da kika bi har ƙarshe ya fi babban take da ba ki da data a kansa. Sai dai ki kiyaye, takardun ofis ba naki ba ne, kar ki ɗauki hoton fayil ki sa a kundi, ki rubuta ki nemi izini, ki kuma yi amfani da abin da Hukumar Ƙididdiga ta jiha da Hukumar Tsare-tsare da Kasafi suka riga suka fitar ga kowa.

Kafin ki sayi fom ki yi abu biyu. Ki rubuta takardar neman izinin karatu ta hannun shugabanki, ko da na ƙarshen mako za ki yi, ki ajiye kofin amincewar, domin takardar da aka samo ba da izini ba tana iya ba ki wahala ranar da za ki kai a sa a fayil. Sannan ki nemi taransikirif ɗinki daga tsohuwar jami'arku tun yau, shi ne yake jawo wa mutane rasa gurbi, ki haɗa da satifiket ɗin bautar ƙasa a wuri ɗaya. Yara kuma ki zauna da maigida ku yi magana ta gaskiya kan ranakun Juma'a da Asabar, wa zai ɗauko su daga Islamiyya, wa zai tsaya musu sati biyun jarabawa. In kin samu gurbin ki sake rubuto min da taken da kike tunani mu duba shi tare kafin ki kai wa sufabaiza.