Amsa: Wane makullin zamani ya dace da gida a Sakkwato?

Malam, ka tambaya ko makulli mai WiFi zai dace da sauran na'urorin gidanka. Ni dai ba zan ba ka shawararsa ba, don yana cinye batir da wuri. Mai Zigbee (wata hanyar haɗa na'urorin gida ba tare da waya ba, mai cin wuta kaɗan) ya fi jimawa, in dai akwatin da ke haɗa kayan gidanka yana karɓarsa, kuma ka jona akwatin da inbata saboda ɗauke wuta.

Abin da ya fi damuna ƙura ce. Da hunturu wurin dangwala yatsa yakan ƙi gane mutum, musamman dattawa masu busasshen hannu. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, yana gasa ƙofar ƙarfe har da batirin ciki. Don Allah ka ɗauki mai lambobi da ramin mabuɗi, kuma ka auna kaurin ƙofar kafin ka biya.