Amsa ga ƙanenmu da ya ce tun lokacin korona bai dawo daidai ba

Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena, na karanta tambayarka, ka ce tun zaman korona ka daina jin daɗin komi, ba ka son shiga mutane, barci ba ya zuwa sai wajen asuba, har kana tambayar kanka mi ye ma amfanin rayuwar. Na ga wasu sun ce maka raunin imani ne, wani ma ya ce iskoki ne a yi maka ruƙiyya. To ni dai bari in faɗa maka abin da na sani don na bi ta wanga hanya.

Ni malamin lakwal ne a wata makaranta mai zaman kanta nan Yamai, iyalina kuma suna Tawa. Ranar 19 ga Maris 2020 aka ce an samu mutum na farko da cutar a Nijar, kafin wata ya ƙare an rufe lakwal, an hana jam'i a masallatai, an killace birnin ba shiga ba fita, ga dokar hana yawon dare daga ƙarfe 7 na yamma har 6 na safe. Albashi ya tsaya tunda iyayen yara ba su biya ba. Amma wallahi ba rashin kuɗin ne ya fi cina ba. Fadarmu ce da ta watse. Kai ka san yadda muke a nan, bayan isha'i a fiddo tabarma da benci ƙofar gida, a hura gawayi a ɗora buta, kafin a kai shayi na uku ka zubar da duk abin da ke ranka cikin gardamar ƙwallo da siyasa ba tare da ka ce ma kowa kana da damuwa ba. Da aka ɗauke wannan sai ga ni cikin ɗaki ciki ɗaya, zafin Afrilu, kuran ya ɗauke fanka ta tsaya, ina kwance ina bin labaran mutuwar mutane a Italiya cikin WhatsApp har ido ya yi zafi. Ladan ya kira salla amma ba inda za ka je. Abinci ma sai in saya ya kwana cikin leda.

Abin da ya fara fiddo ni ba wa'azi ba ne kuma ba shawarar kowa ba. Wata tsohuwa ce a gidan da nake haya, tana da ciwon suga, ƴaƴanta suna Kwatano iyaka a rufe. Da azumi ya kama ta aiko jikarta ta ce ko malam zai taimaka ya riƙa sawo mata ƙanƙara kafin shan ruwa, don layin yana da tsawo yarinyar ba ta iya turereniya. Shi ke nan fa. Kullum bayan la'asar dole in tashi in yi wanka in ɗauki kula in fita, in na makara sai in ji ta daga ɗakinta tana cewa “ɗana lafiya dai ko?” Ta zauna bakin ƙofarta ni ina daga nesa kan kujera, ta miƙo mini kunu a kofin roba, ta yi ta ba ni labarin yunwar 1984 da yadda suka yi layin tsaba. Daga nan yaran gidan suka fara kawo mini allunansu da safe ina yi masu lissafi ƙarƙashin bedi. Tambayar nan ta mi ye amfanina ban taɓa samo mata amsa ba, kawai dai ta daina zuwa tunda akwai masu jirana a kan lokaci.

An buɗe masallatai 13 ga Mayu, lakwal ta koma farkon Yuni, kowa ya ce an gama. Ni barcina bai gyaru ba sai can gaba, don haka ban yi mamakin naka ba ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ma ta ce a shekarar farko ta annobar damuwa da ciwon ƙuncin rai sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya, ba kai kaɗai ba ne.

Batun raunin imani kuwa ban yarda ba, mai hawan jini ba a ce masa ya ƙara nafila ya bar magani. Ka yi addu'arka ka kuma je likita. In abin ya wuce sati biyu ba barci ba cin abinci ba sha'awar komi, likitoci suna ɗaukarsa ciwo ne mai magani. Na san mu nan da an ambaci Pavillon E, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin Yamai, sai a kwashe da dariya a ce wajen mahaukata, alhali akwai masu zuwa su ga likita su koma gida da ƙafarsu ranar nan. Kuma don Allah kar wani ya ba ka tramol ko ƙwayar barci ta bakin titi wai ta ɗauke maka tunani, na ga yaran da ta lalata a unguwarmu.

In kuma tunanin ka cutar da kanka ya taɓa zo maka, wannan kar ka kwana da shi, ka faɗa ma wani na jikinka yau yau ya raka ka asibiti. Ka rubuto mini ta ciki ka gaya mini unguwar da kake, in ba nisa in biyo da moto in ɗauke ka mu je fada.